Gam na tiyata da jel mai ɗaukar magani: abu ɗaya ne?

Ɗaliba:
Assalamu alaikum. Ina karatu kan gam da ake haɗe rauni da shi, da kuma jel mai riƙe ruwa da ake turawa cikin jiki ɗauke da magani. Idan har gam ɗin yana aiki, me ya sa likitoci ba su daina ɗinki ba? Kuma shin jel ɗin shi ne gam ɗin, aka sauya masa suna?

Ma'aikacin Tiyata:
Wa alaikumus salam, Malama. Ɗinki bai tafi ba domin naman cikin jiki a jiƙe yake, kuma motsi yake yi. Gam na fibirin yana kwaikwayon yadda jini ke daskarewa ne: ana haɗa fibirinojin da tirombin, sinadarai biyu na cikin jini, sai su zama gudan da ke toshe ɗigar jini. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Tisseel, wani gam na fibirin, a 1998. Jiki yana karɓarsa sosai, amma ƙarfinsa kaɗan ne, shi ya sa yawanci yake zama mataimakin ɗinki. Dermabond, wani gam na daban wanda aka amince da shi a shekarar, ya fi riƙo, sai dai an yi shi ne domin fatar waje.

Mai Bincike:
Ina so in tsaya kan tambaya ta biyu, 'yar'uwa. Danginsu ɗaya, amma buƙatarsu ta bambanta. Abin da ake nema wurin gam shi ne ya kama nama ya riƙe, alhali jel mai magani ana so ya shige ta allura ko siririn bututu yana ruwa-ruwa, ya yi kauri bayan ya isa wurin, sannan ya riƙa sakin maganin sannu a hankali. Jelmyto misali ne mai kyau: idan yana da sanyi ruwa ne, amma da ya ji ɗumin jiki sai ya daskare, ya riƙe maganin kansa a hanyar fitsari ta sama na wasu sa'o'i, wurin da fitsari zai wanke maganin ruwa nan take. An amince da shi a 2020. Babbar wahala, a ganina, ita ce yawancin jel suna zubar da kaso mai yawa na maganin tun farko, saboda ramukan cikinsu sun fi ƙananan ƙwayoyin sinadarin maganin girma.

Ma'aikacin Tiyata:
Haka ne, kuma akwai kumburi. Jel yana shan ruwan jiki ya ƙara girma, wanda a kusa da laka zai iya danne jijiya. Saboda haka ake gargaɗi kan amfani da DuraSeal, jel ɗin da ake toshe ɗigar ruwan ƙwaƙwalwa da laka da shi, a matsattsun wurare na ƙashi.

Ɗaliba:
Na gode ƙwarai. Zan mayar da hankalina kan girman ramukan jel, domin ina ganin sakin magani da kumburin duk a nan suka haɗu.