Sabon direkta zai shiga aji, ku ba shi shawara

Sabon Direkta: Salamu alaikum ƴan zaure. Bana aka ba ni wata lakwal cikin garin Tawa, aji shida na firamare, daga na farko (CI) har na ƙarshe (CM2). Mako mai zuwa nake son in fara shiga azuzuwa in ga yadda aiki ke tafiya. Malamai biyu sun girme ni, guda ma ita ta koyar da ƙanwata. Mi zan duba, kuma ta ƙaƙa zan shiga ba a ce na zo farauta ba?

Madan CP: Allah shi taya riƙo. Ka faɗa musu ranar tun da wuri, kada su gan ka kwatsam bakin ƙofa.

Tsohon Konseye: Ɗana, kada ka zauna kan teburin malami. Wuce can ƙarshen aji, inda manyan yaran da suka maimaita aji ke laɓewa. Daga nan za ka gane ko rubutun tabulo na karantuwa, ko muryar madan na isowa. Ka riƙa sa ɗigo a takardarka duk lokacin da wani yaro ya yi magana. In minti 30 ta cika ka ga yara biyar ne suka kwashe ɗigon duka, to ka ga abin da ka zo gani.

Madan ta Yamai: Baba Konseye, da irinku aka aiko mini da ban sha abin da na sha ba. Shekarata ta biyu ina kwantiragi, ajin zana, yara 84 bisa tabarmi. A CAPED, taron ƙara wa juna sani na malamai, an yi ta gaya muna mu sa yara aiki rukuni-rukuni, su nemo amsa da kansu. Na ɗauki maganar da gaske. Ran nan darasin rabawa ne, na sa kowa ya zo da murafun kwalba, na kasa su takwas-takwas, na ce su raba murfi 24 tsakanin mutum 6. Aji ya kaure da gardama, wasu da Hausa wasu da Zabarmanci, wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba tana ta cewa huɗu ne huɗu ne. Sai ga mai dubawa ya shigo. Ko zama bai yi ba. Ya ce wannan kasuwa ce ko aji? Ya amshe allin hannuna, ya gyara mini Faransanci gaban yarana, ya nemi fish ɗina, takardar shirin darasi, ya ga ban rubuta minti nawa kowane mataki zai ci ba, shi ke nan. Bai leƙa murafun ko rukuni guda ba. Wata guda yara na kwaikwayon muryarsa in na juya baya.
Da zai dawo na samu labari. Na koyar da darasin tun jajibiri, na zaɓi yara shida masu amsawa, sauran na ce su naɗe hannu. Aji tsit. Ya yaba, ya rubuta na ci gaba ƙwarai. Murafun kuwa ban sake fiddo su ba sai bayan shekara uku. Direkta, abin da ka yaba shi za a riƙa shirya maka.

Mushen Lissafi: Madan kin tona asirin ƙasa duka 😂

Bagobiri: Zabarmancin ne ya ɓata ma mutumin rai, ba hayaniya ba.

Madan ta Yamai: Kai bawana yi shiru, ubangijinka na magana.

Mushen Koleji: Ni fa aikin rukuni da yaro 80 ban yarda da shi ba. Guda ke yi, bakwai na kallo. A siziyem, ajin farko na koleji, nake amsar su, wasu ba su iya kwafe kwanan wata daga tabulo. Ku koma ga ardowaz, ɗan allon hannu, kawai: ka yi tambaya, ka ƙwanƙwasa tebur su rubuta, ka sake ƙwanƙwasawa kowa ya ɗaga. Cikin ƙiftawar ido ka san wa ya gane wa bai gane ba. Dabarar da ake kira PLM ke nan, tun a makarantar horon malamai ta Kaocen aka koya muna, kuma ba ya son ko dala.

Madan CP: Yana son alli. Wa ke saye?

Mushen Koleji: To.

Tsohon Konseye: Ardowaz na nuna maka amsa, ba ya nuna maka hanyar da yaro ya bi. Wanda ya rubuta 5 maimakon 4, tashe shi ya faɗi yadda ya yi, ko da Hausa ne.

Mushen Lissafi: Ko da Hausa? Baba, tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a takarda, ku daina cewa ko da.

Mushen Koleji: BEPC fa, jarrabawar gama koleji, da wane harshe za su rubuta?

Mushen Lissafi: Makarantun gwaji na harshen gida tun 1973 aka fara su a Damagaram, har yau muna gwaji.

Uwar Ɗalibai: Ku yi haƙuri ni ba malama ba ce. Direkta, don Allah ka buɗe kayen rubutun yaran baya. Na ɗana wata biyu babu jan biki ko guda a ciki.

Madan CP: Hajiya kaye 90 ne, hannu guda.

Sabon Direkta: Na gode ƙwarai. To ita wadda ta koyar da ƙanwata fa?

Tsohon Konseye: Je ka ce mata Inna, ina son in zauna ajinki in koyi yadda kike riƙe yara. Abin da ka gani, ku yi shi ku biyu a biro bayan an tashi, ka bari ita ta fara faɗin yadda ta ga darasin. Gyara guda tak za ka kawo.

Bagobiri: Ka haɗa mata da buhun albasar Galmi, ku Adarawa ba ku da wata gaisuwa.

Madan ta Yamai: Nawa buhu yanzu a Tawa? Nan Katako ya fi ƙarfinmu.