Me za mu kira "serf" da Hausa? Gobe zan shiga sutudiyo

Mai Shirin Tarihi: Salamu alaikum malamaina. Gobe da la'asar zan naɗi shiri kan annobar da ta faɗa Turai a 1347, ta kashe kusan ɗaya bisa uku na jama'arta. Ma'aikatan gona suka yi ƙaranci, lada ya tashi, Ingila ta kafa doka a 1351 ta hana ƙarin lada, har aka kai ga boren manoma na 1381 ƙarƙashin Wat Tyler. Babbar buƙatarsu wurin Sarki Richard na Biyu ita ce a soke zaman serf. To me zan kira serf ɗin nan da Hausa?

Ɗan Fagge: Bawa mana.

Malamar Sakandare: A'a ƙanena. Bawa a kasuwa ake sayensa. Wannan a gonar aka haife shi, in gona ta koma hannun wani ya bi ta. Yana da gidansa da 'yar gayaunarsa, amma sai ya yi wa ubangida aikin gandu kwana biyu ko uku a mako. Zai aurar da 'yarsa, ya biya. Ya mutu, ubangida ya ɗauke dabbarsa mafi kyau.

Ɗan Fagge: To bacucane.

Baba Tsohon Edita: Kul! Kada wannan ta fita a rediyo, jikoki suna sauraro. Ni tun ina aiki "ɗaurarren manomi" nake rubutawa.

Bamaradiya: Baba, mai sauraro zai zaci a gidan kaso yake. A ce "saf" kawai, a yi bayani.

Baba Tsohon Edita: Saf? Tabarma ce? Harshen da ya raba bawa da bara da yaron gida shi zai je roƙon kalma Landan? Wannan lalaci na 'yan zamani shi ya kashe mana fassara.

Bamaradiya: Edita fa da ke cikin sunanka, daga Daura ta zo?

Ɗan Fagge: 😂 Ku da kuke cewa lakwal kada ku sa baki.

Bamaradiya: Ku kuma fa da furamare?

Baba Tsohon Edita: Aro daban, bara daban, 'yata. Ɗaurarren manomi dai.

Mai Shirin Tarihi: Don Allah jama'a, lokaci.

Malamar Sakandare: Ka ce "talakan gandu". Gandu ya nuna gonar wani yake nomawa dole, talaka ya nuna ba dabba ba ce ta kasuwa. Karon farko ka ƙara da "wanda ba shi da ikon barin ƙasar ubangidansa".

Baba Tsohon Edita: Talaka ɗa ne, Malama, in ya ga dama ya yi ƙaura. Amma ta fi saf. Ka sa ta gobe, ban ce na janye tawa ba.

Mai Shirin Tarihi: Na gode, na ɗauka. Saura "manor".

Bamaradiya: Sai da safe.