Ginger Baker na Cream: me ya kawo shi Legas, kuma mene ne sirrin kiɗansa?

Ɗan Koyo:

Assalamu alaikum manya. A jikin faifan Fela Kuti na 1971 mai suna Live! an rubuta sunan wani Bature, Ginger Baker, dab da na Fela. Wane ne shi, kuma yaya aka yi makaɗin rok na Ingila ya zauna a Legas? Na biyu, ana cewa shi ya yaɗa kiɗa da gangar ƙafa biyu. Ga mai koyo, dole ne sai ya mallaki biyu kafin ya kama salonsa?

Baban Kiɗa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sunansa na yanka Peter Edward Baker, an haife shi ranar 19 ga Agusta 1939 a Lewisham da ke kudancin Landan. Jan gashinsa ne ya jawo masa laƙabin Ginger. Mahaifinsa ya mutu a Yaƙin Duniya na Biyu a 1943, lokacin Ginger yana ɗan shekara huɗu.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, shi bai taɓa ɗaukar kansa makaɗin rok ba. Daga jaz ya taso, kuma har ya mutu a can yake ajiye kansa. Ubangidansa a sana'a shi ne Phil Seamen, babban makaɗin jaz na Ingila, wanda ya zaunar da shi ya sa masa faya-fayan kiɗan gangunan Afirka. A wannan zamanin ne kuma ya faɗa shan hiroyin, masifar da ya yi ta fama da ita kusan shekara ashirin.

A 1962 ya gaji kujerar makaɗi Charlie Watts a ƙungiyar Blues Incorporated, daga nan ya koma Graham Bond Organisation tare da Jack Bruce mai jitar bes. Su biyun ba sa ga maciji, har dambe sun yi a kan dandamali. Duk da haka da Baker ya nemi Eric Clapton mai jita su kafa ƙungiya a 1966, Clapton ya ce sai dai in da Bruce. Haka Cream ta samu. Shekara biyu da 'yan watanni kawai ta yi, ta yi bankwana a zauren Royal Albert Hall ranar 26 ga Nuwamba 1968. Bayan rigimarsa da Bruce, akwai matsalar ƙarar lasifika: Clapton da Bruce kowa ya jera manyan akwatunan Marshall a bayansa, shi kuwa makaɗi yana tsakiya, sai ya yi ta jibgar ganga don kawai ya ji kansa. Ya sha kokawa cewa wannan ya lalata masa kunne.

Sauran a taƙaice: ƙungiyar Blind Faith a 1969 da Clapton da Steve Winwood da Ric Grech, faifai ɗaya suka watse. Ƙungiyarsa mai suna Air Force a 1970. Sai Najeriya. Bayan nan ya yi noman zaitun a Italiya, ya zauna a Colorado ta Amurka, ya koma Tulbagh a Afirka ta Kudu yana kiwon dawaki. Cream ta sake haɗuwa a 2005, dare huɗu a Landan, uku a New York. Ya rasu ranar 6 ga Oktoba 2019 a Canterbury yana da shekara 80.

Mai Sanda Biyu:

Baba ya gama da tarihi, bari in ɗauki tambayarka ta biyu. Amsa: ba dole ba ne, kuma ba Baker ne ya ƙirƙiro ba. Louie Bellson, makaɗin jaz na Amurka, ya riga kowa tun shekarun 1940, shi kuma Baker a wajen Sam Woodyard, makaɗin ƙungiyar jaz ta Duke Ellington, ya gani ya ɗauka. Keith Moon na ƙungiyar The Who ma a 1966 ya koma biyu, shekara ɗaya da Baker.

Ga yadda kayansa suke a zamanin Cream. Kamfanin Ludwig ne. Gangar ƙafar dama inci 20, ta hagu inci 22. Tom-tom, wato gangunan da ake bugawa da sanda marasa wayoyi a gindi, biyu a sama, inci 12 da 13, biyu a ƙasa, 14 da 16. Farantan tagulla na Zildjian, ciki har da babba mai ƙusoshi da ke yin shuuu bayan an buga. Ka lura da bambancin girman nan na gangunan ƙafa, domin nan ne maganar take. Makaɗan yanzu suna ɗaure biyun murya ɗaya don gudu. Shi murya biyu yake so, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ƙafafun su riƙa amsa wa juna kamar makaɗa biyu. Feda mai kai biyu a ganga ɗaya ba za ta ba ka wannan ba, tunda fata ɗaya ce ke amsawa.

In kana son salon da kayan da kake da su, fara da waɗannan.

Juya bugu. Kiɗan rok na yau da kullum yana ƙirga huɗu, yana sauke nauyi a bugu na 2 da na 4 a kan siniya, wato gangar nan mai wayoyi a gindi. A waƙar Cream mai suna Sunshine of Your Love nauyin yana kan 1 da 3, kuma tom-tom ne ke ɗauke da shi, farantai ba su da yawa. Sa na'urar ƙirga bugu a 70, ka yi minti biyar ba tsayawa. Abin da ke faruwa da kusan kowa: zuwa zagaye na takwas hannun hagu ya sulale ya koma 2 da 4, saboda can ya saba. Maganinsa ka ƙirga da baki da ƙarfi, kada ka ƙara sauri sai ka iya yin hira kana bugawa.

Uku a kan biyu. Ƙirga shida. Hannun dama ya faɗa a 1, 3, 5 a kan tom-tom na ƙasa, ƙafar dama a 1 da 4. A bugu na ɗaya kawai suke haɗuwa. Kuskuren da ake yi shi ne ƙafa ta matso ta faɗa tare da hannu a 3 ko 5, sai abin ya zama tafiyar soja. Rage sauri har sai ka ji gurbin da ke tsakanin 3 da 4 sarai. Wanda kunnensa ya saba da kalangu ko kiɗan 'yan dambe ba baƙo ba ne a nan, hannu ne kawai zai koya.

Ƙafar hagu kada ta yi barci. Baker yana taka hai-hat, farantai biyun nan masu kifuwa da juna, a kan kowane bugu ko da hannuwa sun tafi yawo, sai lokacin da ake bukata ya zame ƙafar zuwa fedar ganga ta biyu. Don haka a jera fedojin biyu kusa, tsayinsu ɗaya, yadda ƙafa za ta zame ba tare da ɗaga cinya ba.

Ɗaurin fata kuma: kada ka cusa filo har ganga ta mutu. Ɗaure ƙusoshi gicciye, wannan sannan wadda ke fuskantarta, kwata-kwatan juyi, kana ƙwanƙwasa kusa da kowace ƙusa har muryoyin su daidaita. Tsakanin kowane tom-tom da na kusa da shi a sami tazarar murya da kunne zai ji. In suka yi kusa da juna, duk ƙoƙarinka zai fito kamar ana mirgina durom.

Hajiya Mai Faifai:

Maganar Legas ba a yi mata adalci ba tukuna. Baker ya san Fela tun farkon shekarun 1960, lokacin Fela yana karatu a kwalejin kiɗa ta Trinity a Landan. A 1971 ya tuƙo mota ƙirar Range Rover ya ratsa Sahara ta Aljeriya da Nijar har ya iso Najeriya, kuma Tony Palmer ya ɗauki tafiyar a fim. Ya gina sutudiyo mai layi 16 a Ikeja, ana ce masa ARC ko Batakota, aka buɗe a 1973. A shekarar Paul McCartney, tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, ya zo Legas yin faifan Band on the Run. Yawancin aikin a sutudiyon EMI na Apapa aka yi, waƙa ɗaya ce aka ɗauka a wurin Baker, inda Baker da kansa ya kaɗa gwangwani mai tsakuwa a ciki. Kasuwancin bai ɗore ba, kuɗinsa suka narke. A Najeriya kuma ya koyi wasan ƙwallon dawaki, wanda ya ci masa dukiya har tsufansa.

Abin da ya fi tasiri a ganina shi ne ƙungiyar Salt da ya haɗa da matasan Najeriya, irin su Berkley Jones da Laolu Akins da tagwayen Lijadu, ya fita da su Turai da Amurka. Da suka dawo, Jones da Akins suka haɗu da Mike Odumosu suka kafa ƙungiyar BLO.

Amma Ɗan Koyo, ka saurari Live! da kunne biyu. A Landan aka ɗauke shi, kuma makaɗin Africa 70, ƙungiyar Fela, shi ne Tony Allen. Allen ne ya gina kiɗan afrobit, Baker baƙo ne da ya zo da girmamawa ya zauna kusa da shi. A sabon bugun faifan an ƙara karawar da su biyun suka yi a bikin jaz na Balin ta Jamus a 1978, kimanin minti 16. Nan za ka ji bambanci ƙarara: Allen hannunsa sassauƙa ne, yana wasa tsakanin siniya da hai-hat kamar ba ya taɓa su, Baker kuwa nauyi ne da tom-tom.

Ɗan Koyo:

Na gode ƙwarai, Hajiya. To da duk wannan suna, me ya sa ake cewa ya ƙare ba shi da kuɗi?

Baban Kiɗa:

Dawaki da ƙwaya da rigimar haraji sun ci nasu, amma akwai dalili na sana'a da ya kamata kowane makaɗi ya sani. Kuɗin da ke ɗorewa a harkar waƙa na wanda aka rubuta sunansa ne a matsayin marubuci, wato mai kalmomi da mai karin waƙa. Yawancin manyan waƙoƙin Cream sunan Jack Bruce da Pete Brown ke kansu. Baker ya nace cewa shi ya kawo buɗewar waƙar White Room mai ƙirga biyar, amma tsarin ganga ba ya cikin abin da ake rabawa sai an yi yarjejeniya a rubuce tun kafin faifai ya fita. Wannan ya ci masa rai har ƙarshen rayuwarsa.

In za ka saurare shi, kada ka tsaya a Toad, kiɗan minti 16 a faifan Wheels of Fire wanda yawancinsa kaɗaicin gangarsa ne, ko da yake shi ya buɗe wa su John Bonham, makaɗin ƙungiyar Led Zeppelin, wannan hanya. Nemi faifan Going Back Home na 1994 da Charlie Haden da Bill Frisell, sannan Why? na 2014, wanda ya yi da Abass Dodoo, makaɗi ɗan Ghana. A na ƙarshen yana da shekara 74, huhu da gaɓoɓi sun gaji, gudun ya ragu, amma ka bi ƙafar hagun nan da Mai Sanda Biyu ya ambata, za ka ji tana nan daram a kan kowane bugu.