Neman shawara: filasha da gilashin ƙara nisa sun ɗaure min kai

Baban Ummi, Agege

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Don Allah ku taimaka min. Ni mai hoton biki ne. Da acaɓa nake yi, da gwamnatin Legas ta hana babur a su Ikeja da Surulere a 2022 sai na sayar da nawa, maiɗakina ta ƙara min da kuɗin adashinta na sayi kyamara, kuma alhamdulillahi da ita muke ci. To wani bawan Allah da na yi wa hoton auren 'yarsa ya ce yana son hotunan tsuntsaye goma sha biyu na kalanda, har ya ba ni kafin alƙalami. Da kuɗin na sayi lens mai jawo nesa, Sigma 150-600mm, na hannu, ban bar ko sisi ba. Wani abokina ya ara min gilashin robar nan da ake ɗaurawa gaban filasha don haske ya yi nisa, Better Beamer.

Sau uku ina zuwa gandun dajin Lekki, ina sallame asuba nake fita saboda cunkoso. Ƙarƙashin itatuwan akwai duhu, dole sai da filasha. Amma idon tsuntsu fari fat yake fitowa kamar an manna masa kwabo, na birai kuma ja. Wani lokacin ganyen da ke ƙasa ya sha haske, tsuntsun yana cikin duhu. Jiya kuma na ga gaban filashar ya ɗan narke, ban san dalili ba. Saura sati uku in kai aiki. Me zan yi?

Alhaji na Obalende

Wa alaikumus salam. Yaro, ba ka faɗi kyamarar da kake riƙe da ita ba, ba ka faɗi filashar ba, amma na gane ciwon. Fara da narkewar, don ita ce mai haɗari. Gilashin nan irin na Fresnel ne, aikinsa tara haske wuri guda. Yadda yake tara na filasha ya tura gaba, haka yake tara na rana ya dawo da shi baya in ka fuskantar da shi sama. Ranar ce ta ƙona maka kaya. Da ka gama ɗauka ka zare shi ka sa a aljihu.

Maganar ido kuwa, filasharka ta yi kusa da lens. Haske ya tafi a miƙe, ya bugi cikin idon, ya dawo maka ta hanyar da ya bi. Magani biraket ne, ƙarfen da zai ɗaga filasha sama sosai, a ɗaure shi a ƙafar lens, irin wanda Wimberley ke yi, ka haɗa da wayar TTL, wadda ke sada filasha da kyamara don kyamarar ta auna mata haske. Zum ɗin filasha, wato faɗin hasken da take fitarwa, ka tsayar da shi a 50mm, haka masu gilashin suka ce. Ka rage ƙarfinta zuwa -1 ko -2. Cike inuwa ake so, ba a so a gane an kunna filasha.

Baban Ummi

Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma. Amma ina da biraket, wanda nake aikin biki da shi. Kuma zum ɗin a 200 na sa shi, don a ganina nisa nake nema.

Alhaji na Obalende

Ganinka ne ya kai ka nan. Gilashin an yi shi ne ya karɓi haske mai faɗin 50mm ya matse shi da kansa, ya ƙara maka sitof 2 zuwa kusan 3, kowane sitof ninkin haske ne. Na biki kuma a jikin kyamara yake, gajere ne, in ka juya kyamara tsaye filasha ta bi ta gefe. Na ƙafar lens yana nan sama ko ya ka juya.

Ɗan Zazzau, Mile 12

Ni fa ban ga amfanin wannan wahalar ba. Ajiye filasha, ɗaga ISO, wato ƙarfin kyamara na karɓar haske, zuwa 3200, ka goge ƙurar hoton a kwamfuta. Tsuntsu ma ba ya firgita. Abin da ya kamata ka ji tsoro shi ne raɓar Legas. Lens ɗina na 70-200 damina ɗaya ya yi a jaka, na buɗe na tarar fumfuna ta yi saƙa a ciki. Na kai wa wani mai gyara ya riƙe shi wata biyu, ya dawo min da shi fokas ba ya kamawa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maman Sadik, Idi Araba

Baban Ummi, kun yi rubutu da mai kalandar? Ni haka wani ya sa na yi aikin sati biyu, da na kai ya ce ba haka yake nufi ba, cikon kuɗina har yau shiru. Ka nuna masa guda biyu tukuna ka ji bakinsa. Game da hasken da ke sauka ƙasa, nauyin gilashin ne ke rinjayar kan filasha. Ka tsaya nesa da bango da daddare, kamar mita 15, ka ɗauka da zum ɗin lens a 150 ka ga inda hasken ya faɗa, sai ka gyara.

Ɗan Zazzau

Kuma in dole sai ka yi filashar, kunna HSS, tsarin da ke barin filasha ta yi aiki da saurin ɗauka mai yawa, ka kai shata, wato saurin ɗauka, 1/1000 na daƙiƙa. A 600mm da hannu, 1/200 girgiza kawai za ka kwaso.

Alhaji na Obalende

A'a. HSS cinye ƙarfin filasha yake yi, abin da gilashin ya ba ka da dama ya karɓe da hagu. Haske kuwa in nisa ya ninka biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ke isa. Lens ɗinsa f/6.3 ne a ƙarshe, wato haske kaɗan yake shigarwa, ina rarar da zai zubar? Ya tsaya a 1/200 ko 1/250, ya ɗora a kan tiraifod, maɗorin kyamara mai ƙafa uku. Tun zamanin fim nake wannan aikin.

Baban Ummi

Alhaji ka yi haƙuri, tiraifod ba zai yiwu ba. Hanyar cikin dajin ta katako ce, mutum na wucewa komai ya motsa, ga shi danfo nake shiga da kayan. Kuma hannuna ba ya rawa, a biki awa biyar nake yi a tsaye. Hajiya, ban yi rubutu da shi ba, mutumin kirki ne, a masallaci ɗaya muke Juma'a. Zan gwada bangon yau. Amma biraket ɗin Wimberley ba ni da kuɗinsa, gaskiya. In na kai wa mai walda ya ƙara wa nawa tsawo fa?

Alhaji na Obalende

Tsawon ba shi kaɗai ba ne, wurin ɗaurawar ne. Kuma ka sani ko da biraket na gaske, tsuntsun da ya yi nisa sosai idonsa zai iya yin fari, sai ka gyara a kwamfuta. Nemi mai ƙafa ɗaya in tiraifod ya gagara.

Ɗan Zazzau

Ka ji ko, ƙarshenta dai kwamfutar za a koma.

Baban Ummi

To yanzu wanne zan bi? Asabar zan koma Lekki in sha Allah. Akwai wanda zai ara min biraket na kwana biyu a nan Agege ko Ikeja? Kuma filashar da ta narke ɗin nan, in ci gaba da aiki da ita ko akwai matsala?