Ana bina bashin da na ci tun 2015, mene ne haƙƙina a doka?

Ɗan Tireda:
Assalamu alaikum. A shekarar 2015 na karɓi rance a wani ƙaramin banki a Abuja domin ƙara jarin shagona, kuma na riƙa biya har zuwa tsakiyar 2017, lokacin da kasuwar ta karye na koma gida. Tun daga nan babu wanda ya neme ni sai makon jiya, da wani kamfanin karɓar bashi ya kira ni yana cewa kuɗin ya ninka saboda ruwa, kuma idan ban biya ba za su turo 'yan sanda. Sun ce in tura ko da naira dubu biyar ce, in kuma sa hannu a wata takarda domin a sassauta mini. Ina neman shawarar masana.

Lauyan Unguwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka tura ko sisi, kada kuma ka sa hannu a komai tukuna. Doka ta ƙayyade wa mai bin bashi wa'adin shigar da ƙara, wanda a Abuja da Legas shekara 6 ne ga bashin yarjejeniya ta yau da kullum, wasu jihohin kuma shekara 5. Idan biyanka na ƙarshe a 2017 ne, kuma ba su taɓa kai ka kotu ba, akwai yiwuwar wa'adin ya wuce. To amma biyan wani ɓangare na kuɗin, ko amincewa da bashin a rubuce tare da sa hannu, yana iya sa a fara ƙirga wa'adin daga farko, kuma ina kyautata zaton abin da dubu biyar ɗin nan take nufi ke nan.

Ka nemi su ba ka a rubuce: takardar rancen ta asali, cikakken bayanin abin da ka biya, da shaidar cewa bankin ya wakilta su. Idan sammaci ya zo daga kotu, tilas ka je, domin wanda ake ƙara ne yake kawo hujjar wucewar wa'adi, kuma ƙin zuwa zai sa a yanke hukunci a bayan idonka. Batun 'yan sanda kuwa barazana ce, tunda dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓanin yarjejeniya kawai. Sai dai game da wa'adin shigar da ƙara akwai banda: alal misali, bashin da hukumar AMCON, mai sayen basussukan da bankuna suka kasa karɓowa, ta saya, dokarta ta fitar da shi daga wannan wa'adi.

Almajirin Zaure:
Allah ya saka wa Barista da alheri, sai dai ina so ɗan'uwa ya san cewa rufe ƙofar kotu bai sauke masa nauyi ba. A shari'ar Musulunci bashi ba ya faɗuwa don ya tsufa, shi ya sa ake fitar da shi daga dukiyar mamaci kafin a raba gado. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu sauƙi, amma hadisi ingantacce ya kira jinkirin mai hali zalunci. Ra'ayina shi ne ya yi amfani da ƙarfin da doka ta ba shi ya sa a yafe ruwan, sannan ya biya ragowar uwar kuɗin gwargwadon ikonsa.

Hajiya Mai Lissafi:
Maganar Malam Almajirin Zaure ta yi daidai da abin da na sani a aikin banki, domin tsohon bashi irin wannan sau da yawa bankin ya riga ya fitar da rai da shi, saboda haka yakan yarda da sulhu. Sai dai sulhun ya bi ta hannun lauya, a biya cikin asusun bankin kansa, ba na wakilin da ya kira ba, a kuma karɓi takardar shaidar kammala biya. Da wannan takarda ce za ka nemi a gyara sunanka a wurin kamfanonin da ke adana tarihin masu cin bashi, irin su CRC da FirstCentral, in ba haka ba lambar BVN ɗinka tana iya ci gaba da nuna kana da bashi duk lokacin da ka nemi wani rancen.