Man kaɗe, zuma da kurkum a sabulun gida: wanne ne yake kai wa ga fata?

Mai Sabulu, unguwar Birni

Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan ina haɗa sabulun wanka a gida, ina sayar wa maƙwabta da wasu masu tebur a Kasuwar Dole. Ina yin sa da man alayyadi rabi, man gyaɗa da ɗan man kaɗe su cike sauran, sannan in zuba zuma da kurkum da garin ganyen dogon yaro, domin su ne mata suka fi tambaya kafin su saya. Tun da hunturu ya kama, mutum uku sun kawo mini kuka cewa sabulun yana busar musu da jiki, har ɗaya ta ce idan ta fito daga wanka ƙafafunta sukan yi furu-furu kamar an barbaɗa musu toka. Abin ya ɗaure mini kai, tun da duk abin da na zuba an san shi da gyaran fata. Ina roƙon masu sani su faɗa mini wanne ne yake aiki da gaske a cikin sabulu, kuma ina kuskurena yake.

Malamin kimiyya, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ina ganin matsalar tana ga mai da awo, ba ga zuma ko kurkum ba. Lokacin da soda, wato sinadarin da ake haɗa sabulu da shi, ta haɗu da mai, man yakan daina zama mai, ya rikiɗe ya koma sabulu da wani sinadari da ake kira gilisarin, wanda yake jawo laima ya riƙe ta a fata. Manyan masana'antu sukan cire gilisarin su sayar da shi dabam, alhali sabulun gida yana riƙe da nasa, kuma wannan ne babban fifikonsa. To amma ko wane sabulu, komai kyansa, yana da kaifi: a ma'aunin pH, wanda ake auna tsami ko kaifin abu da shi, yana tsakanin 9 da 10, fatar mutum kuwa tana wajen 5, shi ya sa yake kwashe maiƙon jiki.

Man alayyadi, kamar ɗan'uwansa man kwakwa, yana ba da kumfa mai yawa da sabulu mai tauri, sai dai yana cikin waɗanda suka fi kankare fata, kuma rabi ya yi yawa a garin da iska take bushewa tun daga Nuwamba har Fabrairu. Ki mayar da shi kashi 25 zuwa 30 cikin 100, ki ƙara man kaɗe. Man kaɗe yana da wani kaso da soda ba ta iya mayar da shi sabulu, saboda haka yakan saura a cikin sandar ya sassauta kaifinta.

Sai batun awo, wanda a nan ne galibin masu wannan sana'a suke faɗuwa, domin da gwangwani ko cokali suke auna soda. Kowane mai da sodar da yake ci: kilo ɗaya na man kaɗe yana buƙatar wajen giram 128, na man kwakwa kuwa wajen 180. Ki nemi sikeli, ki lissafa, sannan ki rage kashi 5 cikin 100 na sodar domin ɗan mai ya rage bai koma sabulu ba. Bayan kin yanka, ki shanya a inuwa mako 4 zuwa 6 kafin ki kai kasuwa. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda, kuma kada ta taɓa tukunyar dalma domin tana cin ta.

Zuma tana ƙara kumfa saboda sukarin da ke cikinta. Kurkum kuwa launi ne kawai yake bayarwa, kuma kin ga da idonki yadda yake komawa ja idan ya gamu da soda.

Inna, Mirriya

Ɗiyata, jikata ce take rubuta mini wannan. Maganar Malam ta awo gaskiya ce, amma ban yarda a raina kayan gida gaba ɗaya ba. Mu mun tashi muna ganin iyayenmu suna tace ruwan tokar kara su dafa shi da mai, kuma da harshe suke gane ko ya nuna, idan ya yi zafi a baki sun san da saura. A ƙauye, idan sabulu ya yanke, ɓawon aduwa ake daka a jiƙa, ya yi kumfa a wanke tufafi da shi. Yanzu ma har kamfanin Sahara Sahel Foods da ke nan Damagaram yana tatsar man ƙwallon aduwa, abin da dā muke ganin na talaka ne.

Abin da nake so ki gane shi ne, a zamaninmu ba a dogara ga sabulu ya gyara jiki. Sabulu na wanke dauɗa ne. Da an fito daga wanka, jiki da sauran danshi, sai a narka man kaɗe a tafin hannu a shafe ƙafa da gwiwa da diddige, shi ya sa faso da kaushi ba su cika kama mu ba. Ki riƙa ƙulla ɗan man kaɗe tsantsa kina sayarwa tare da sabulun a lokacin sanyi, ki gaya musu su rage zafin ruwan wanka.

Ma'aikaciyar jinya, Garin Malam

Ina goyon bayan Inna a kan shafa mai da danshi, domin man ba ya kawo ruwa da kansa, rufe wanda yake jikin yake yi kada ya tsere. Sabulu bai fi minti ɗaya ko biyu a jiki ba kafin a ɗauraye shi, don haka ko da dogon yaro yana da sinadaran da suke hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, wannan ɗan lokaci bai isa ya warkar da makero ko ƙazuwa ba. Ina roƙonki, Yaya, kada ki sayar da shi da sunan magani, saboda muna ganin yaran da ake kawowa asibiti bayan an shafe watanni ana wanka da irin waɗannan sabulai, cutar ta riga ta bi sauran 'yan ɗakin.

Akwai abubuwa biyu kuma. Garin ganye idan bai yi laushi sosai ba yakan karce fatar da ta riga ta bushe, ki tankaɗe shi da rariya mai ƙananan ido ko ki daina zuba shi a hunturu. Na biyu, idan masu saye suka matsa miki ki sa lemun tsami ko wani haɗi na ƙara haske, ki ƙi. Ruwan lemun tsami a fata idan rana ta buge shi yana iya ƙona wurin ya bar baƙin tabo, haɗe-haɗen bilicin kuwa sau da yawa suna ɗauke da haidirokwinon ko sitiroyid, sinadaran da suke lalata fata, sitiroyid ma yana sirantar da ita har ta riƙa tsagewa. Wadda fatarta ba ta jure sabon abu ta fara gwadawa a cikin gwiwar hannu, ta jira kwana biyu ta gani.

Mai Sabulu, unguwar Birni

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Gaskiya da gwangwanin tumatir nake awon soda, kuma kwana goma kawai nake bari kafin in fitar, saboda kuɗin jarin ba ya jira. Malam, idan na haɗa kilo 3 na mai, alayyadi giram 800, man kaɗe 900, sauran man gyaɗa, sodar giram nawa ya kamata in auna?