Ta ina zan fara koyon Sifaniyanci na ciniki da gaisuwa?

Ɗan_Rigasa:
Salamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema. Yayana yana harkar kayan gyaran waya a Malabo, ƙasar Ikwatoriyal Gini, ya ce in shirya bayan babbar sallah in je in riƙa tsaya masa a shago, kuma can Sifaniyanci ake yi. Na sauke manhajar koyon yare ta Duolingo ina bi da turanci amma wallahi abun baya zama a kaina, yau a ce maka yaro ya ci tuffa gobe yarinya ta sha madara, ni kuma gaisuwa nake so da ciniki da tambayar hanya. Akwai wanda ya taɓa koya?

Malam_na_Malali:
Wa'alaikumussalam ƙanina. Farko dai ka daina karanta shi da bakin turanci, nan yawanci ake ɓacewa. Wasullansu biyar ne irin namu, a e i o u, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗa, kenan ka karanta kamar kana karanta boko na Hausa. Abun kiyayewa kaɗan ne: h ba a furta ta, hola "ola" za ka ce, j kuma ita ce ke fita kamar h mai kauri daga maƙogwaro, ñ kamar ny, ll kusan y. Ita ko rr ɗin da bature ke shan wuya a kai, kai da kake cewa "tara" da "biyar" tun kana goye ai ba sabon abu bane.

Sannan batun namiji da mace, mai turanci zalla sai ya ruɗe wai ta yaya tebur zai zama mace, mu kuwa mun saba, riga tamace ce, wando namiji ne. Su ma yawancin kalmar da ta ƙare da a tamace ce, la mesa tebur, la casa gida, mai o kuma namiji, el libro littafi. Akwai masu taurin kai irin el día da la mano, waɗannan sai hadda.

Tunda shago za ka, lissafi shine sallarka ta farilla (yi min afuwa da misalin). Sefa ake kashewa can, komai dubu-dubu ne, ka riƙe mil dubu, dos mil dubu biyu, cinco mil dubu biyar, diez mil dubu goma. Ka buɗe kunne sosai tsakanin sesenta 60 da setenta 70, harafi ɗaya ne ya raba su amma kuɗin yayanka ne zai tafi. Sai ¿cuánto cuesta? nawa ne, muy caro yayi tsada, no hay babu, ya está an gama. Wadda ta fi duka amfani kuma: más despacio, por favor, wato dan Allah a hankali, domin suna zuba magana ba birki.

Abba_Barca:
haba malam kar a rena duolingo fa, ni da shi na fara kuma yanzu in ana hira da yan wasa bayan an tashi ina tsintar rabi 😂 kawai dai shi kadai baya isa. Dan Rigasa ka nemi sharhin La Liga na yarensu a YouTube ka rika sawa, mu a gidan kallon mu na Tudun Wada har vamos da fuera de juego yara sun iya

Maman_Ikram:
Abba kai komai ƙwallo, shi ciniki zai je ba alƙalancin wasa ba. Ɗana ni ga nawa, maigidana ya yi karatu a Sifaniya kuma abun da ya fara koya mana kenan: sunan abun da ba ma ci. Cerdo alade ne, jamón da tocino duk nashi ne, manteca ma sau da yawa kitsensa ce, ka riƙa duba jikin gwangwani. In za ka sayi abinci kace sin cerdo. Pollo kaza, pescado kifi, arroz shinkafa, aceite mai. Kuma kar turanci ya yaudare ka, embarazada ba jin kunya bane irin embarrassed, mai ciki ce, kar ka je ka faɗa wa mutane kana da juna biyu.

Ɗan_Rigasa:
Hhhh Mama Allah ya kiyaye. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam wata tambaya, bidiyon da nake gani wasu na Meziko ne wasu na Sifaniya, wanne zan bi? Kuma tú da usted fa?

Malam_na_Malali:
Bi na Sifaniya, ita ta mulki ƙasar har zuwa 1968 kuma nasu ya fi kusa da nata. Waya ma a Sifaniya móvil ake cewa, a Meziko celular, ka ga wannan ya shafi sana'arka kai tsaye. Tú na sa'anka ne da yara, usted na babba ko baƙo, kamar yadda ba za ka ce wa dattijo "kai" gatsau ba, duk kwastoman da ya girme ka ka sa masa usted. Ka tambayi yayanka kuma batun Pichi, wani irin buroka ne da ake yi a Malabo, in kana jin burokan unguwar Barnawa ta Kaduna zai riƙe ka kafin bakinka ya buɗe. Ka ce ya turo maka muryar yadda ake ciniki a shagon ta WhatsApp ka riƙa maimaitawa.